Me ya sa kullum wanda aka cuta ake ba haƙuri a wurin aiki?

Kusan kowace ma'aikata a garin nan na Tawa tana da mutum ɗaya da kowa ya san da zamansa. Ba sai an faɗi sunansa ba. Shi ne wanda hira ke mutuwa da zarar ya shigo biro, wanda sakatariya ke duban fuskarsa kafin ta miƙa masa takarda, wanda tun ranar farko ake jan sabon ma'aikaci gefe a ce masa: "Ka bi Malam a hankali, haka Allah ya yi shi." A wani wurin mai tsawa ne. A wani wurin ba ya ɗaga murya ko kaɗan, sai dai dosiyen mutum ya yi wata biyu cikin durowarsa don mai shi bai gaishe shi yadda yake so ba. Akwai mai kai gulma wurin shef. Akwai wanda ba a ganinsa sai hantsi ya dubi ludayi, kafin azahar kuma ya ɓace, aikinsa ya faɗa kan na kusa da shi. Duk ranar da wani ya gaji ya buɗe baki, amsar da zai samu guda ce: yi haƙuri.

Ni ba na gaba da haƙuri. Ba a zaman aiki sai da shi, kuma wanda ba ya iya haɗiye ƙaramin ɓacin rai ba zai yi shekara a kowane biro ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka raba kayan: wanda aka cuta shi ake ɗora wa haƙurin duka, wanda ya yi cutar kuwa ba mai ce masa uffan. Da wannan ɗabi'a muke kiwon mutanen da muke kuka da su. Ma'aikaci mai wuyar hali ba daga sama ya faɗo da wuyar halinsa ba. Ya gwada sau ɗaya ya ga ba abin da ya faru, ya sake gwadawa aka ba wanda ya zaga haƙuri, daga nan ya gane cewa wurin nasa ne.

Ya kamata a raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa. Akwai bambancin hali, akwai zalunci. Wani ba ya son yawan magana, wani gaisuwarsa gajeruwa ce, wani yana da saurin fushi amma kafin la'asar ya huce ya zo ya ba ka hannu. Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa, kuma mutanen da ke wuni ɗaki ɗaya awa 40 a mako, cikin zafin watan Afrilu da Mayu na Adar, ga kuran na ɗaukewa, dole wata rana harshe ya kuɓuce. Wannan a yafe, a wuce. Amma wanda ya mai da wulaƙanta na ƙasa da shi al'ada, wanda ke danne takardar ƙarin girman abokin aikinsa, wanda ke sa sunansa a kan aikin da wani ya kwana yana yi, wanda kowace misiyo mai kuɗin guzuri shi da mutanensa ne, wannan ba halitta ba ce. Zaɓi ne yake yi kowace safiya, kuma za ka gane haka idan ka ga yadda muryarsa ke laushi ranar da baƙi suka zo daga Yamai. Wanda ya iya riƙe harshensa gaban babban darakta ya iya riƙe shi gaban planto, wato ɗan aiken biro.

To me ke hana shugabanni magana? Ba duka ba ne ragwaye, kuma ba duka ba ne ke jin daɗin abin. Tawa gari ne da kowa ya san kowa. Wanda za ka rubuta wa takardar neman bayani da safe, da shi za ku haɗu a sahu ɗaya da magariba, matarka da tasa suna adashe ɗaya, gobe a wurin suna ko gaisuwar mutuwa tabarma ɗaya za ku zauna. Kafin tawadar takardar ta bushe waya ta fara kuka: kawun wane, Alhaji wane, wani babba a jam'iyya a zamanin da jam'iyyu ke tashe, wani tsohon abokin lakwal da yanzu yake minista. Kowa kalmarsa ɗaya: "Don Allah, don Annabi, a rufa masa asiri, mai iyali ne." Ba banza ba ƴan Nijar suka ƙirƙiro kalmar PAC, wato dangi, abokai da idon sani. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, sun daɗe suna shiga likitoci, kotuna da sauran ma'aikatun gwamnati suna duba yadda aiki ke tafiya a zahiri, kuma cikin abubuwan da suka yi ta nunawa akwai wannan: hukunci ba ya tabbata saboda sa baki daga waje, har shugaban da ya nemi hukunta na ƙasa da shi yakan zama shi ne abin zargi. Duk wanda ya taɓa riƙe ko da ƙaramin sarwis ya san haka ba tare da ya karanta ba.

Idan hira ta kai nan, sai ka ji tsofaffin ma'aikata sun ce Allah ya jiƙan Seyni Kountché. Suna ba da labarin yadda a mulkinsa, daga 1974 zuwa 1987, yakan faɗo ma'aikata da sassafe ba sanarwa, wanda ya makara ya kuka da kansa. Na fahimci abin da suke kewa, amma ban yarda tsoro ne maganin ba. Tsoro yana kawo mutum biro da wuri, ba ya hana shi cin zarafin sakatariya idan an rufe ƙofa. Kuma ƙasar da sai shugabanta ya zagaya da kansa kafin a zauna a kujera, ranar da ya daina zagayawa komai ya koma yadda yake. Abin da muke bukata ƙarami ne a kan wannan, amma ya fi shi wuya: shef na kusa, wanda ke ganin abin kullum, ya yi aikin da aka naɗa shi dominsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su wa ke biyan kuɗin wannan shirun. Ba masu ƙarfi ba ne. Ma'aikacin da ya samu lambarsa ta dindindin, ga sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, a bayansa, ga dangi a gari, yana iya rama magana ko ya yi banza da mai tsawa. Wanda ba ya iyawa shi ne malamin kwantaragi da ake iya sallama ba dogon bayani, da ɗan sibik da ke jiran takardar shaidar kammala bautar ƙasa daga hannun wanda ke zaginsa, da ɗan koyon aiki da ba a biyansa ko dala amma yana fatan wata rana a ɗauke shi, da mai gadi, da mai shara, da direba. A kamfanoni masu zaman kansu mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa 42.000 tun farkon 2024. Mutumin da jika 42 ce ke riƙe da gidansa, idan aka ce masa ya yi haƙuri, ba shawara aka ba shi ba, an tuna masa ne cewa ba shi da wurin zuwa.

Na taɓa zama ɗaki ɗaya da wata yarinya ƴar sibik, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda wani dattijo a sarwis ɗin ya sa wa ido. Ba ta gaishe shi da kyau ba, ta cika rawar kai, takardarta duk kuskure, kuma duk a gaban jama'a yake faɗa. Ranar da ta fashe da kuka, matan biro suka kewaye ta: "Haba ƙanwata, sa'an babanki ne, ki yi haƙuri, kwana nawa ya rage miki?" Da zuciya ɗaya suka faɗa, na sani. Amma ko mutum ɗaya bai taka zuwa wurin dattijon ya ce masa "Baba, wannan bai dace da girmanka ba." Ta gama ta tafi, wata ta zo, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ga mata kuma abin yana da wani ɗaci na daban. Akwai shef ɗin da zai riƙe yarinya a biro bayan an tashi ba wani aiki, akwai mai saƙon dare a WhatsApp, akwai wanda zai fito ƙarara ya nuna cewa sa hannunsa yana da farashi. Idan ta yi magana a gida, abin da zai fara biyo baya shi ne a ce ta bar aikin, ko miji ya fara zarginta ita. Idan ta yi magana a biro, a ce me ta yi masa har ya kula ta. Sai ta yi shiru. Alhali doka ba ta yi shiru ba: dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta haramta wa mai iko ya yi amfani da muƙaminsa don neman lalata da wanda ke ƙarƙashinsa, kuma tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003 wannan laifi ne mai ɗauri da tara, hukuncin yana ƙaruwa idan mai muƙami ne ya aikata. A duniya ma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a 2019 a Janiba da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Wannan ba ya cikin abin da ake ba haƙuri a kansa, kuma duk wanda ya ce wa mace ta rufa wa irin wannan mutum asiri ya sani cewa ƴar wani ce za ta biyo bayanta.

Sai kuma wanda ba ya cikin biron ma, amma shi ne ya fi kowa shan wahala: talakan da ya zo neman aiki ya biya masa bukata. Idan majo, wato babban malamin jinya, da unguwarzoma ba sa ga maciji a ƙaramar likita, mai naƙuda ce ke jira a kan benci. Idan darektan lakwal da malaminsa suna gaba, yara ne ke wuni ba darasi. Tsohon da ya baro Bagaruwa ko Buza da asuba, ya biya kuɗin mota don takarda guda, aka ce masa mai sa hannun "ya ɗan fita", ya dawo gobe, bai san cewa rigimar mutum biyu ce ta cinye masa kuɗin hatsin mako ba. Mu da ke ciki mun sani.

Muna da abin gyara a hannunmu tun kafin a kawo mana biro da takarda. Addininmu bai ce a zuba wa azzalumi ido ba. Hadisi ingantacce ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, kuma da aka tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yadda za a taimaki mai zalunci, ya ce a hana shi. Suratul Hujurati da ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, ita ce kuma ta hana cin naman ɗan'uwa a bayan idonsa. To mu me muke yi? Gaban mutumin mu yi shiru, da ya juya baya mu kafa tukunyar shayi a kansa. Mun bar nasihar da aka umarce mu da ita, mun riƙe gibar da aka hana mu, sannan muna kiran wannan zaman lafiya.

Muna kuma da taubasantaka, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Na ga ranar da ta yi aikin da takarda ba za ta yi ba. Bafillace yana iya gaya wa Ba'are ko Babarbare gaskiyar da shef ba zai iya furtawa ba, Bagobiri ya gaya wa Bazabarme, Bazabarme ya gaya wa Buzu, a yi dariya, amma saƙo ya shiga. Shugaba mai hankali ya san wanda zai aika wurin wa. Sai dai a nan ma akwai masu ɓata abin, waɗanda ke fakewa da wasa su ci mutuncin na ƙasa da su, idan ya ɓata rai a ce bai san wasa ba. Taubashi na gaskiya yana karɓar ramuwa. Idan ɗaya ne kullum ke faɗa, ɗayan ba shi da bakin mayarwa don abincinsa na hannun mai faɗar, to sunan wasa kawai aka ara.

Ga wanda abin ke damunsa yau, shawarata ba ta da yawa. Ka fara samun mutumin shi kaɗai, ba gaban jama'a ba, domin Bahaushe zai iya karɓar gyara a ɗaki amma ba zai karɓi kunya a fili ba. Kada ka ce masa halinsa mugu ne, ba wanda ke amsa wannan. Ka faɗi abin da ya faru, da ranar da ya faru, da abin da ya jawo: "Yaya, jiya gaban baƙi ka ce ban san aikina ba. Idan akwai kuskure ka nuna mini, zan gyara, amma ba a gabansu ba." Mutane da yawa da ake tsoro ba a taɓa yi musu magana haka ba, kuma wasunsu a nan suke tsayawa. Idan bai ji ba, ka nemi wanda yake jin nauyinsa. Idan wannan ma bai yi ba, to ka fara rubutawa: rana, wuri, abin da aka faɗa, su wa ke nan, kuma kada ka goge saƙon waya. Mun tashi muna ganin rubuta ƙara kamar tona asiri ne, amma ranar da magana ta kai gaban manya, mai baki zai musanta, shaidu za su sunkuyar da kai, takarda ce kawai ba ta jin kunyar kowa.

Hanyoyin kuma suna nan. Ma'aikacin kamfani ko na ƙungiya mai zaman kanta yana da wakilan ma'aikata da doka ta tanada, waɗanda ba a iya korarsu sai da izinin sufeton aiki, yana da ofishin sufeton aikin kansa inda ake fara neman sulhu, bayansa kuma akwai kotun ma'aikata. Ma'aikacin gwamnati ba dokar 2012 ke tafiyar da shi ba, yana da tasa dokar, mai matakan horo tun daga gargaɗi har zuwa kwamitin ladabtarwa. Sandikoki irin su USTN da CDTN sun iya fitowa kan albashi da alawus, kuma sun yi wa ma'aikata aiki a nan. Ina so in ga ranar da za su ɗauki kukan ƴar sibik da shef ke tsangwama da irin wannan zafin, ko da shef ɗin ɗan sandikarsu ne.

Akwai hanya ɗaya da gwamnati ta fi so, ni kuwa ita na fi ƙi: a ɗauke mutum a jefa shi daji. Ma'aikaci ya gagari kowa a Tawa ko Ƙonni, sai a rubuta masa sauyin wurin aiki zuwa Tiliya ko Tasara, a ce an hukunta shi. Wa aka hukunta? Mutanen can, waɗanda likitarsu ɗaya ce, malaminsu ɗaya ne, ba su da wani biron da za su koma idan wannan ya wulaƙanta su, kuma ba mai zuwa dubawa sai an kwana biyu. Can ne ya kamata a aika mafi nagarta, a kuma biya su hakkin nisan. Mai da yankunan nan wurin zubar da waɗanda aka rasa yadda za a yi da su raini ne ga mutanen da ke zaune a cikinsu. Sannan wannan makamin kansa an sha juya shi kan marar laifi: wanda ya yi ƙara shi ake ɗaukewa, wanda aka yi ƙara a kansa ya zauna.

Wannan ya kawo ni ga abin da dole a yi taka-tsantsan da shi. Ba duk wanda ake kira mai wuyar hali ba ne mai laifi. A wasu ma'aikatun, "mai taurin kai" shi ne akawun da ya ƙi sa hannu a kan takardar man fetur da ba a saya ba, ko malamar da ta ƙi ƙara wa ɗan wani maki. Irin waɗannan ana ƙaurace musu, a daina kiransu taro, a ce ba su iya zama da mutane ba. Shi ya sa ba na son hukunci da jita-jita, ko da a kan wanda ni kaina ba na so. A tambaya: me ya yi, yaushe, gaban wa? A kuma saurare shi. Wani lokacin idan aka zauna da mai faɗan za a tarar bashi ne ya shaƙe shi, ko ciwo a gida, ko shekara goma yana kujera ɗaya yana kallon yaran da ya koya wa aiki suna wuce shi saboda suna da wani a sama. Wannan ba ya wanke shi daga zagin da ya yi, amma yana nuna inda za a kama gyaran.

Masu cewa kada a raba mutum da abincinsa suna da gaskiyarsu, kuma ni ma ba kora nake kira a yi ba. Kora ita ce ƙarshen hanya, kuma galibi ba a kaiwa can idan an yi magana da wuri. Shef da ya kira ma'aikacinsa a makon farko, ya rufe ƙofa, ya ce masa "Malam, na ji abin da ka gaya wa yarinyar nan, ba na son in sake ji," ya tsare masa abincinsa ne. Wanda ya yi shiru shekara biyar har abin ya kai ga mari a gaban jama'a ko ƙara a kotu, shi ne ya bar shi ya faɗa rami. Kuma idan waya ta yi kuka daga Yamai ko daga gidan wani Alhaji ana neman a rufa asiri, shef yana iya amsawa da ladabi cewa wadda aka zaga ita ma ƴar mutane ce, tana da iyaye a garin nan, kuma shi aka ba amanar su biyun.